Yadda Ake Ziyartar Gana: Daga Akra Zuwa Gidajen Bayi na Bakin Teku, Har Salaga

Mutanenmu da yawa sun sha zuwa Gana, wani biki ya kai shi, wani fatauci, wani zumunci. A sauka a Nima ko Sabon Zango, a ci a sha da 'yan uwa, a zaga kasuwa, a juyo gida. In ka tambayi mutum ko ya je Elmina, sai ya ce ai ba a kai shi ba. Alhali tafiyar awa uku ce daga inda ya kwana, kuma abin da ke can ya shafe shi fiye da yadda yake zato. Gidajen bayin da Turawa suka gina a gaɓar tekun Gana nan ne ƙarshen wata hanya da ta faro daga arewa, hanyar da kakanninmu fatake suka san ta sarai. Saboda haka tsarin da zan ba ka shi ne ka fara da babban birni, ka gangara gidajen bayi, sannan ka bi sawun hanyar nan ka hau arewa. Kwana goma sun isa, mako guda ma zai yi in daga Kumasi za ka juyo.

Da farko, zaɓi lokaci

Gana ƙasa uku ce a cikin ɗaya in ana maganar yanayi. Akwai bakin teku mai danshi da itatuwan kwakwa, inda Akra da Cape Coast suke. Akwai kurmi a tsakiya da yamma, ƙasar Asante, inda ake noman koko da haƙar zinariya. Daga Kintampo zuwa sama kuma sai fili ya buɗe, ka fara ganin kuka da kaɗanya da ɗorawa, ka rantse a ƙasar Zazzau kake. A gabas ga tafkin Volta, wanda madatsar ruwa ta Akosombo ta haifar a 1965, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 8,500.

Kudu damina biyu take yi. Babbar tana kamawa daga Afrilu zuwa Yuli, ƙaramar daga Satumba zuwa Nuwamba. Arewa kuwa damina ɗaya ce irin tamu. Watan Yuni shi ne wanda ya kamata ka kauce wa, domin ruwa kan cika titunan Akra har mota ta kasa wucewa. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi daɗin tafiya, hanyoyi a bushe, namun daji a arewa sun taru a bakin ruwa. Sai dai ka sani, makonnin ƙarshen Disamba baƙi daga Amurka da Ingila kan cika Akra, kuɗin masauki ya yi tashin gwauron zabi. In da hali ka bari sai tsakiyar Janairu. Agusta ma ba laifi a bakin teku, da sanyi-sanyi, ruwa ya ɗan tsagaita.

Na biyu, takardu da kuɗi

Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, yarjejeniyar ECOWAS ta ba shi kwana 90. Ka riƙe fasfo mai sauran kwana, kada ka dogara da katin ɗan ƙasa kaɗai. Wanda ke ɗauke da fasfon Nijar ya leƙa ofishin jakadancin Gana a Yamai kafin ya tashi, tunda Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Abin da ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kansa shi ne katin rigakafin shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa. Ana tambayarsa a filin jirgi, ana tambayarsa a kan iyaka. Ka yi allurar da gaske, aƙalla kwana goma kafin tafiya, kada ka sayi kati a bakin tasha.

Kuɗin Gana sidi ne. Naira ba ta sayen komai a kanti, sai ka canza, kuma dala ta fi saurin karɓuwa wurin 'yan canji. Kana sauka ka je ofishin kamfanin waya da fasfonka ka yanki layi, ka sa a buɗe maka asusun kuɗi na waya, wanda suke ce wa MoMo. Mai tasi, mai abinci, mai masauki, kusan kowa yana karɓa. Duk da haka ka riƙe 'yan canji a aljihu saboda ƙauyuka. Agogon Gana yana bayan na Najeriya da Nijar da awa ɗaya, ka gyara naka saboda sallah da lokacin tashin mota.

Na uku, hanya

Jirgi daga Legas zuwa Akra bai fi awa ɗaya ba. Mota kuwa ta bi Seme, ta ratsa Kwatano, ta shiga Togo ta Hilakonji, ta wuce Lome, ta faɗa Gana ta Aflao, ta haye kogin Volta a gadar Sogakope. Nisan bai kai kilomita 500 ba, amma iyaka uku ce, ga shingayen jami'ai tsakani, saboda haka ka ƙaddara yini guda cur. In motar ce, ka shiga ta babban kamfani da ke tara fasfon fasinjoji ya kai a buga, ta fi hawa-hawa sauƙi ga wanda bai saba ba. Ka tanadi 'yan sefa don ruwa da abinci a Benin da Togo. Hanyar arewa, daga Yamai ta Wagadugu zuwa Paga, ita ce ta gargajiya, amma halin tsaron da Burkina Faso ke ciki bai sa in ba mai yawon buɗe ido shawarar bin ta ba.

Na huɗu, kwana biyu a Akra

Akra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, ba ita ce hedikwatar farko ba. Turawan Ingila sun dawo da mulki nan daga Cape Coast a 1877. Garin ya taso ne a gindin sansanonin Turawa uku da ke jere a bakin ruwa, kuma da su ya kamata ka fara.

Ranar farko ka yi sammako zuwa Jamestown, tsohuwar unguwar mutanen Ga. A nan akwai James Fort da Ingilishi suka gina a 1673, da Ussher Fort da 'yan Holan suka gina a 1649, duka biyun an mayar da su gidan yari daga baya. Kusa da su ga hasumiyar fitilar jiragen ruwa mai ja da fari. Unguwa ce ta masunta da 'yan dambe, ba ta da ƙyale-ƙyale. Samari za su tare ka su ce za su zaga da kai. Ka zaɓi ɗaya, ku yi ciniki tun kafin a ɗaga ƙafa, kuma kada ka ɗauki hoton kowa sai ka nemi izini.

Daga nan ka taka zuwa dandalin tunawa da Kwame Nkrumah. A filin nan ne, wanda da Turawa ke wasan folo a cikinsa, ya tsaya a daren 6 ga Maris 1957 ya shelanta 'yancin kai. Sojoji sun kifar da shi a 1966, ya rasu a Romaniya a 1972, aka dawo da gawarsa nan a 1992. An yi wa wurin kwaskwarima a 2023, akwai ɗan gidan tarihi mai hotuna da kayansa. Gaba kaɗan ga dandalin Black Star inda ake faretin ƙasa. Kafin ka wuce, ka tsaya wurin tunawa da tsofaffin sojoji uku, Saja Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey, waɗanda aka harbe ranar 28 ga Fabrairu 1948 suna tattaki zuwa gidan gwamna don neman haƙƙinsu na yaƙin duniya na biyu. Tarzomar da ta biyo baya ita ta gaggauta tafiyar Turawa.

Gidan gwamnan da suka nufa shi ne Christiansborg, wanda aka fi sani da gidan Osu. 'Yan Denmak suka gina shi wajen 1660, suka sayar wa Ingila a 1850, ya zama fadar gwamnati har zuwa 2013. Labarinsa da na fi so shi ne na Asameni, wani ɗan kasuwar Akwamu. A 1693 ya shigo da mutanensa kamar masu sayen bindigogi, suka juya kan masu gidan suka ƙwace shi. Ya riƙe shi kusan shekara yana ciniki da jiragen Turawa, sannan ya sayar wa 'yan Denmak abinsu, ya tafi da makullan. Har yau makullan suna hannun masarautar Akwamu. Ba kullum ake barin baƙi su shiga gidan Osu ba, ka tambaya tukuna, kuma ka ajiye waya a aljihu in ka ga soja a ƙofa.

Rana ta biyu ta zango ce. Ka karya da koko da ƙosai a Nima, ka yi azahar a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, ka shiga kasuwar Makola in kana son atamfa. Hausar zango ta ɗan bambanta da ta Kano, ba ta cika raba namiji da mace a magana ba, ta kuma sha kalmomin Twi da Turanci. Kada ka yi wa kowa dariya ko gyara. Mutanen nan sun riƙe harshen fiye da shekara ɗari a tsakiyar wasu harsuna, wasunsu ma asalinsu ba Hausawa ba ne, Dagomba ne da Mossi da Zabarmawa da Kotokoli da zaman zango ya haɗa.

Maganar abinci kuwa, wake da shinkafa da suke dafawa da karan dawa a ci da yajin shito, da tuwon zafi, da tsire, duk a hannun mutanen zango suke, ka ci hankali kwance. A sauran gidajen abinci ka tambayi naman da aka sa a miya, domin alade da naman daji ba baƙi ba ne a kudu. In ka yi shakka ka ce a ba ka kifi, da dokunu ko banku, irin tuwon masararsu.

Na biyar, gangarawa Cape Coast

Ka tafi tashar Kaneshie tun da asuba. Nisan kusan kilomita 150 ne, amma cunkoson Kasoa kaɗai kan ci awa guda in rana ta ɗaga. Hanyar ta bi mararrabar Winneba da Mankessim. Tun kafin ka isa za ka fara hango fararen gine-gine a kan tuddai, kamar Fort Amsterdam a Abandze da Fort William a Anomabo. Irinsu kusan talatin ne suka rage tsakanin Keta a gabas da Beyin a yamma, kuma UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1979. Manyan guda uku ne, Osu da Cape Coast da Elmina. Kada ka ce sai ka ga duka. Biyun nan na ƙarshe sun wadatar, kuma kada ka haɗa su rana ɗaya. Masu kawo baƙi daga Akra suna yin haka, su shiga wannan da safe, wancan da rana, su koma da dare, mutum ya dawo bai bambance wanne ne wanne ba. Ka kama masauki ka kwana biyu.

Gidan Cape Coast 'yan Suwidin suka fara kafa shi da katako a 1653, ya yi ta sauya hannu har Ingilishi suka ƙwace shi a 1664 suka mayar da shi cibiyar cinikinsu. A ƙofa za ka biya kuɗin shiga, na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, babbar kyamara kuma da nata kuɗin. Ba a barin mutum ya yi ta yawo shi kaɗai, ana tara ku ne a haɗa ku da ja-gora na hukumar gidajen tarihi. In ka tarar ana jira, ka hau bene ka fara da gidan tarihin, zai ba ka shimfiɗar abin da za ka gani.

Ja-gora zai fara kai ku kurkukun maza. Gangara ce mai santsi zuwa cikin duhu, ka sa takalmi mai riƙe ƙasa. Ɗakuna biyar ne a jere, da 'yan tagogi can sama da ba su fi a zura hannu ba, kuma a nan ake tara maza har kusan dubu, su yi makonni ko watanni suna jiran jirgi. Ka dubi daɓen da kake takawa. Asalinsa bulo ne, abin da ya rufe shi ya daskare kuwa ƙazantar mutanen da suka zauna a wurin ce, da jini da ragowar abinci. An kankare wani gefe don a nuna bambancin. Ja-gora yakan kashe fitila na ɗan lokaci. Wanda ke da asma ko ba ya jure matsatsi ya tsaya kusa da ƙofa. A ɗakin ƙarshe akwai wurin tsafin mutanen garin da furanni da baƙi suka ajiye, ba a tilasta wa kowa yin komai, ka tsaya gefe kawai.

Da kun fito, ka ɗaga kai. Daidai saman kurkukun nan cocin Turawan yake. Sama da shi kuma ɗakunan gwamna ne, masu manyan tagogi da iskar teku ke ratsawa ta ko'ina. Ka hau ka tsaya a can bayan ka fito daga ƙasa, shi ya sa na ce kada ka yi gaggawa. Sai ɗakin da ake jefa wanda ya yi bore, babu taga, babu ruwa, ba a buɗewa sai ya mutu. Sai kurkukun mata, sai ƙofar da ake fitar da mutane zuwa kwale-kwale, wadda ake kira ƙofar da ba a dawowa. In aka buɗe ta yau, masunta za ka gani suna ɗinkin koma, yara suna wasa a ruwa.

A cikin rukuninku da wuya a rasa baƙaƙen fata daga Amurka ko Jamaika. Wasu za su yi kuka, wasu su yi shiru, wasu su fusata. Su kabarin kakanni suka zo. Ka rage murya, ka kashe ƙarar waya, hoton dariya kuma a bar shi sai an hau kan katanga wurin igwa. Barack Obama ya zo nan da iyalinsa a Yulin 2009, akwai allon da ya buɗe a jikin bango. In an gama, ka ɗan ba ja-gora na goro.

Sallah ba za ta ba ka wuya ba, akwai zango da masallaci kusa da kasuwar Kotokuraba. Teku kuwa ka kalle shi daga nesa. Igiyar ruwan gaɓar nan tana ja ƙasa-ƙasa, ta sha cin waɗanda suka iya iyo, balle ɗan tudu.

Na shida, Elmina

Washegari ka shiga tasi, kilomita 12 ne. In so samu ne kada ta zama Talata, domin ran nan masuntan Elmina ba sa fita, ba za ka ga hada-hadar jiragen kamun kifi masu tutoci a mashigin Benya ba, wadda ita kanta abin kallo ce. Ka isa da sassafe ka tsaya kan gada lokacin da suke shigowa da kifi.

Elmina ta girmi Cape Coast nesa ba kusa ba. Turawan Fotugal suka gina ta a 1482 ƙarƙashin Diogo de Azambuja, bayan sun yi ciniki da sarkin wurin, Kwamena Ansa, wanda bai so ba. Shi ne ginin Turawa mafi tsufa da ke tsaye a kudu da Sahara. Kuma ba don bayi aka fara gina shi ba, don zinariya ne. Kafin zuwansu, Wangarawa ke kwasar zinariyar ƙasar Akan, wato ƙabilar su Asante, su yi arewa da ita har ta haye Sahara, su kuma Turawan suka zo su tare ta daga teku. A farkon lamari har bayi suke sayowa daga gaɓar masarautar Benin ta Najeriyar yau su sayar wa attajiran Akan a ba su zinariya. Sai da gonakin rake suka bunƙasa a Brazil da tsibiran Karebiyan sannan ɗakunan ajiyar kaya suka koma ɗakunan ajiyar mutane.

A tsakar gida za ka ga tsohon cocin Fotugal, wanda 'yan Holan suka mayar wurin ciniki bayan sun ƙwace gidan a 1637. Ka nemi a nuna maka farfajiyar mata. Akwai baranda a sama inda gwamna ke tsayawa ya zaɓi wadda yake so, da rijiyar da ake yi mata wanka, da matakalar katako da ke hawa ɗakinsa ta wata ƙofa a daɓe. Wadda ta ƙi, a ɗaure ƙafarta da dalmar igwa a bar ta a rana. Ƙofar fita ta Elmina ta fi ta Cape Coast ƙunci, mutum ɗaya take ɗauka, shi ma a karkace. A sama akwai ɗakin da Ingilishi suka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896, kafin su kai shi Saliyo, daga can tsibirin Seychelles, bai dawo ba sai 1924.

Kada ka tafi ba ka hau tudun da ke fuskantar gidan ba, inda Fort St. Jago yake. Hawan minti goma ne. Daga kan tudun nan 'yan Holan suka girke igwa suka yi ta luguden wuta har Fotugal ta miƙa wuya, shi ya sa da suka ci suka gina sansani a kai don kada wani ya yi musu irin ta. Daga can za ka ga komai a shimfiɗe, gidan, da mashigi, da filayen gishiri, da wani fili fetal a gefen gidan. Filin nan tsohon garin Elmina ne. Holan ta miƙa wa Ingila gidan a 1872, mutanen gari suka ƙi sabon maigida, Ingilishi suka rushe garin da igwa a 1873.

Na bakwai, kurmi

Bayan kwana biyu a kurkuku za ka so iska. Gandun dajin Kakum yana kilomita 30 arewa da Cape Coast. Abin da ake zuwa yi shi ne tafiya a kan gadojin igiya bakwai da aka ɗaura tsakanin manyan itatuwa, tsawonsu wajen mita 350, wani wurin mita 30 ko fiye daga ƙasa. Suna lilo, amma da raga har kafaɗa. Ka je da an buɗe, kuma ba Asabar ba, kafin motocin 'yan makaranta su iso. Kada ka sa ran ganin giwa, suna can ciki. Mai babbar riga ya bar ta a masauki.

Na takwas, bin sawu zuwa arewa

Daga Cape Coast ka kama hanyar Kumasi. Bayan kamar awa ɗaya ka sauka a Assin Manso. Akwai rafi a nan inda ake tsayar da bayin da aka koro daga arewa, a yi musu wankan ƙarshe, a yi musu aski, a shafe su da mai don su yi kyan gani kafin a kai su gaban mai saye. Wurin shiru ne, gora ta yi masa rumfa, awa ɗaya ta isa.

Kumasi ta cancanci kwana guda. Ka ga gidan tarihin Manhyia, fadar Sarkin Asante, ka ratsa kasuwar Kejetia, sannan ka shiga sansanin soja na tsakiyar gari da yanzu gidan tarihin sojoji ne. A nan mayaƙan Yaa Asantewaa, wata sarauniyar Asante, suka yi wa gwamnan Ingila Hodgson ƙawanya a 1900, bayan ya nemi a kawo masa kujerar zinariya ta Asante ya zauna. Sojojin da ke cikin sansanin tare da shi, akasarinsu rundunar da Turawa ke kira Hausawa ce, irin waɗanda Glover, Baturen mulkin Legas, ya fara ɗauka a can, waɗanda kuma suka yi yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. Wasu unguwannin zango na kudu daga barikin waɗannan sojoji suka samo tushe. Ba kowane Bahaushe ne ya zo Gana da jaki da buhun kanwa ba.

Daga Kumasi zuwa Tamale awa shida ne zuwa bakwai, ta Techiman da Kintampo. Ka zauna gefen taga ka ga yadda kurmi ke sirancewa har ya ƙare. Tamale gari ne na Musulmi, na babura da kekuna, za ka ji kamar ka dawo gida. Ka kwana, da safe ka nemi motar Salaga, kilomita 120 kudu maso gabas.

Salaga ita ce Gwanjan da ake faɗa. Nan ayarin Kano da Katsina da Sakkwato ke nufa, madugu a gaba, tafiyar wata biyu zuwa uku ta Yawuri da Borgu, ɗauke da kanwa da turkuɗi da fatu da dawaki, su juyo da goron da Asante ke kawowa daga kurmi. Cikin kayan da ake kaiwa har da bayi, kuma wannan ba a cika faɗarsa in ana tuna fataucin goro ba. Gaskiya ne Salaga ta fi bunƙasa a ƙarni na 19, bayan Ingila ta haramta cinikin bayi ta teku a 1807, don haka da yawan waɗanda aka sayar a nan a gonakin Asante suka ƙare. Amma tun ƙarni na 18 Asante ke karɓar bayi daga Gwanja da Dagomba a matsayin haraji, tana gangarar da su zuwa gidajen da ka gani. Yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, fatake da malamai suka bazu zuwa Kete Krachi da Yeji da Kumasi da Akra, cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya rasu a Kete Krachi a 1934.

Yau Salaga ƙaramin gari ne, kada ka zo da tsammanin manyan gine-gine. Abin gani shi ne filin tsohuwar kasuwar bayi, da rijiyoyi barjat da aka haƙa a bayan gari, da wurin da har yanzu ake kira wankan bayi, da sarƙoƙi da mari da aka adana. Ka fara gaida masu gari kafin ka shiga zagaye, ka riƙe goro, ka nemi dattijo ya raka ka. Da Hausa za ku yi magana.

In kwanaki sun rage, ka koma Tamale ka yi yamma ta Damongo zuwa gandun dajin Mole, mafi girma a ƙasar. Da rani ana fita da ƙafa da sassafe tare da ma'aikaci mai bindiga, a ga giwaye a bakin tafki, ga gwanki da gadu da gwaggon biri. Birai na shiga ɗaki in ka bar ƙofa a buɗe. Kilomita kaɗan kafin ƙofar gandun ga masallacin Larabanga, ginin ƙasa fari mai itatuwa a jiki irin na Jenne da Agadas, wanda mutanen garin ke cewa tun 1421 yake. Musulmi na iya shiga ya yi sallah, ƙofofin gajeru ne sai an sunkuya. Za a nemi ka ba da gudummawa, ka bayar a hannun wanda ke da littafin baƙi, ba samarin da suka fara tare ka a bakin hanya ba.

Komawa

Daga Tamale akwai jirgi zuwa Akra, awa ɗaya, maimakon awa goma sha biyu ko fiye a mota. Ka sayi tikitin tun kana Kumasi, kujerun ba su da yawa. Tsarabar arewa ita ce rigar saƙi ta Dagomba da man kaɗe, ta Kumasi saƙin kente da cakulan, ta bakin teku kuwa shito a kwalba, wanda sai ka naɗe shi da leda biyu ka sa a jakar da za a auna, don ba za a bar ka ka shiga jirgi da shi a hannu ba. Sidin da ya rage maka ka canza shi a Akra ko Aflao, da ka wuce Lome ba mai karɓarsa da daraja.